Gonakin gahawa na Kosta Rika da makiyayun jihar Maradi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in ja hankalin masu tsara aikin dashen itatuwa a jiharmu kan abin da ya faru a ƙasar Kosta Rika da ke Amurka ta Tsakiya, inda aka sare dazuzzuka masu yawa domin kiwon shanun nama, har kurmi ya ragu zuwa ƙasa da kashi 25 cikin ɗari na faɗin ƙasar a shekarun 1980, amma yau ya haura rabi.

Dokar daji ta 1996 ce ta buɗe hanyar biyan mai fili kuɗi idan ya bar itace a tsaye, kuma daga harajin man fetur ake ciro mafi yawan kuɗin. Wasu manoma sun mayar da tsofaffin filayen kiwo gonakin gahawa ƙarƙashin inuwar itatuwan da ke ƙara wa ƙasa ƙarfi, suna zuba ɓawon gahawar a matsayin taki, ba takin zamani ba maganin feshi, sannan masu saye a Turai da Amurka su biya farashi na musamman. Ba tausayin daji kaɗai ya sa suka yi haka ba. Itacen ne ya zama abin da ke ciyar da gida.

Gahawa dai ba za ta yi a Maradi ba, domin tana bukatar ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, mu kuwa da ƙyar muke samun rabin haka. Amma dabarar ba baƙuwarmu ba ce. Tun shekarun 1980 manoman wannan jiha, tare da Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, suka rungumi sassaben zamani: a bar kututturen sabara ko kalgo, a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a datse sauran. Duk wanda ya ga yadda hatsi ke cika zangarniya a gindin gawo, wanda ke kaɗe ganyensa da damina ya zubo wa dabbobi ƴaƴa da rani, ya san amfanin.

Inda nake jin tsoro shi ne batun makiyaya. A Kosta Rika filin kiwon na mutum ɗaya ne, shi ya ga dama ya sayar da shanunsa. A nan filayen kiwo da burtali na jama'a ne, kuma ko da garmani ya mamaye su har dabba ba ta samun abin kirki, Fulani da Buzaye da ma manoma masu tumaki suna bi ta cikinsu. Idan aka kewaye su da waya da sunan dashe ba tare da shawara da masu kiwo ba, rigima za a shuka. Ina kira ga ma'aikatan gandun daji da sarakunan gargajiya da su fifita gawo da aduwa da magarya, su raba filin kashi-kashi ana hutar da wani ana kiwo a wani, kuma su sa masu kiwo cikin kwamitin tsaron itatuwan tare da ba su ladan aikinsu.

Wassalam.
Mai karatunku daga Maradi