Zuwa ga abokina, kan akwatin hotunan yaƙi da lambobin soja

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Wasiƙarka ta iso, na kuma ga tambayarka kan akwatin hotunan yaƙi da lambobin yabon soja da ya shigo hannunka: yadda za ka tantance su ka kuma adana su. Kafin komai: kada ka goge ko ɗaya, kada ka raba su. Lambar yabo ita kaɗai ƙarfe ce kawai. Idan tana tare da hoton mai ita, da takardar sallamarsa, da wasiƙar da ya aiko gida, to nan darajar take, ga masu tarihi da masu saye duka. Dillalai da yawa suna rarraba irin wannan kaya don su sayar ɗai-ɗai, kuma da an raba, sai a hankali a sake haɗawa.

Fara da hotunan, don su aka fi yi wa jabu. Nemi gilashin ƙara girma mai ninki 10. Hoton ainihi da aka wanke daga fim, inuwarsa tana tafiya sumul; idan ka ga ɗigo-ɗigo jere, bugun inji ne. Juya bayansa: takardun wancan zamani sukan ɗauki tambarin kamfani, kamar Agfa Lupex, Agfa Brovira ko Velox na Kodak. Sai ka shiga ɗaki mai duhu da fitilar nan ta gwada takardun kuɗi. A shekarun 1950 aka fara zuba wa takardar hoto sinadarin ƙara fari, wanda ke walƙiya shuɗi ƙarƙashin fitilar. Hoton da aka ce na 1943 ne amma yana walƙiya, daga baya aka wanke shi. Sai dai rashin walƙiya ba shaida ba ce, don mai jabu na iya samun tsohuwar takarda. Wadda bayanta ke santsi kamar roba kuwa, ba ta yaɗu ba sai ƙarshen shekarun 1960.

Wajen ajiya, zafi da laima ne abokan gaba. Wuri mai sanyi, ƙasa da digiri 20 in zai yiwu, laima tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Kowane hoto a ledarsa ta poliyesta. Ka guji leda mai taushi ta PVC da albam mai danƙo, su ne ke rina hoto rawaya su kuma riƙe shi har ya yage. In za ka yi rubutu, a baya, da fensir 2B, a hankali. Biro yana ratsawa. Tsohon albam kuma bar shi yadda yake, domin jerin hotunan da rubutun ƙasansu su ne labarin.

Duba gefen fim ɗin in akwai. Wanda aka rubuta NITRATE, irin da aka yi ta amfani da shi har wajen 1950, yana kama wuta cikin sauƙi kuma ruwa ba ya kashe shi da wuri. Ware shi nesa da sauran.

Lambobin Birtaniya na Yaƙin Duniya na Ɗaya suna da daɗin bincike, don an buga suna da lambar soja da rundunar mai ita a gefe ko a baya. Da wannan za ka nemi katinsa a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa ta Birtaniya da ke Kew a Landan, a jerin katunan lambobin yabo mai suna WO 372. In a yaƙin ya rasu, kundin hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth kyauta ne a intanet. Na yaƙi na biyu, irin Tauraron Burma da sojojin runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma suka samu, galibi babu suna a jikinsu. Ka ga ke nan in takardar ta ɓace, mai lambar ya ɓace.

Man goge ƙarfe yana cinye rubutun, kuma duhun da shekaru suka ba azurfa ba datti ba ne. Burushi mai laushi ya isa. Abin tsoro shi ne kore mai haske, mai gari-gari a kan tagulla: gishiri ne ke cin ta, yana kuma yaɗuwa da laima, sai ka ware ta a busasshen wuri. Ƙyallen da aka rataya lambar, ko ya koɗe, kada ka sauya. Kakin ulu da asu ya shiga, ɗaure shi a leda ka sa a firiza mako biyu, ka bar shi ya huce kafin ka buɗe.

Saura biyu da ba na wasa ba. Tsohon kamfas ko agogon soja mai lambobin da aka shafa wa fenti mai haske da dare, sau da yawa fentin na radiyam ne, wani sinadari mai fitar da gubar da ido ba ya gani. Hasken ya mutu amma gubar tana nan, don sai bayan shekara 1,600 take raguwa da rabi. Kada ka buɗe gilashinsa. Gurneti ko harsashin da ba ka tabbata an kwashe cikinsa ba kuwa, ko taɓa shi kada ka yi, kira 'yan sanda. Tsufa ƙara masa haɗari yake yi.

Turo min hoton gaba da bayan kowace lamba, da na gefenta in da rubutu. Ka gaishe min da mutanen gida.

Naka,
abokinka.