Wasiƙa game da takwaranka da mahaifiyarsa

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da harkokin kasuwa a can Fatakwal. Na san shiruna ya yi yawa tun bayan Babbar Sallah, kuma ba mantuwa ce ta jawo shi ba. Jinyar ɗana, takwaranka, ce ta sha kanmu, sannan daga baya ta fito mana da wata jinyar da ban taɓa lura da ita ba, alhali a ɗakina take kwana.

Da hunturu ya shigo, sikilar ta tashi masa sau uku a wata biyu. Na ƙarshen cikin dare ne, yana riƙe da ƙwaurinsa yana kiran Allah, na goya shi a babur, mahaifiyarsa ta tallafe shi ta baya, muka nufi Bichi cikin wannan sanyin. Daga can aka tura mu Kano, aka yi masa ƙarin jini. Buhun gero biyu da tunkiyar nan mai baƙin kunne duk sun tafi, amma ban damu da su ba.

Abin da ya tayar mini da hankali shi ne uwar. Ta daina barci, ta daina ci, sai ka same ta zaune gaban murhu tuwo yana ƙonewa ba ta ji ba. Yaran da ba ta taɓa ɗaga wa hannu ba ta koma dukansu a kan abin da bai taka kara ya karya ba, in ta gama kuma ta shiga ɗaki ta yi ta kuka. Wasu suka ce iska ce, aka yi ruƙiyya. Ni kuwa, Allah Ya yafe mini, ɗauka na yi raki ne. Ga su Gwaggo suna ta maimaita cewa daga danginta ciwon ya zo, tun da ba a san shi a gidanmu ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na kare ta ba.

Ranar da muka koma ganin likita, wata ma'aikaciyar jinya ta gama duba yaron, sai ta juya ta ce, “Mama, ke kuma ya jikinki?” Shekara bakwai ana jinyar nan, ban ji wanda ya taɓa yi mata wannan tambayar ba, har da ni. Kuka ta yi har aka jawo mata kujera. Aka haɗa mu da mai ba da shawara, wanda ya ce ciwon damuwa ne, yana yawan kama masu doguwar jinya, kuma ana warkewa. Da farko ta ƙi, don tana tsoron a ce an kai ta Dawanau, asibitin masu taɓin hankali, ka san yadda mutanenmu ke fassara sunan nan. Sai da aka nuna mata cewa zama ne kawai za a riƙa yi ana tattaunawa.

A zama na biyu aka ce lallai in shiga. Mutumin ya zana mana a takarda cewa ni AS ne, ita ma AS ce, wato muna ɗauke da ƙwayar gadon sikila ba tare da muna ciwon ba, kuma a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, shi ne mai ciwon sikila. Wato rabin abin daga jinina ya fito. Aminina, kunya ta rufe ni. Da muka dawo gida na je na zauna gaban Gwaggo na yi mata bayani da ladabi, kuma tun ranar ba a sake wannan maganar ba.

Sauran abin da aka koya mana ba mai wuya ba ne. Mun raba kwanan jinya, dare ɗaya ni, dare ɗaya ita. Muna lura da yawan ruwan da yake sha, muna gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi, ba ma wasa da maganinsa na kullum, kuma da zarar zazzaɓi ya taso sai asibiti. An kuma jawo hankalinmu ga yayarsa, wadda muka mayar ƴar aike muka manta ita ma yarinya ce. Yanzu bayan magariba nakan zauna in saurari haddarta. A ranar asibiti iyaye mata sukan zauna a baranda suna ba juna labari, kuma uwar takwaranka ta ce wannan zaman ya fi komai sanyaya mata zuciya. Makon jiya na ji tana dariya wajen daka.

Na ji an sa ranar ƙanwarka. Tun 2024 doka ta wajabta gwajin jini kafin aure a Jihar Kano, amma ina roƙonka kada ku tsaya ga karɓar takarda kawai. Ka raka su da kanka, a yi shi a wurin da aka amince da shi. Idan kuma iyalinka ta samu sarari, ta kira ƙawarta, domin tana yawan ambatonta. Takwaranka yana gaishe ka, ya ce in tuna maka alkawarin keke.

Wassalam,
Naka amini.