Kar ka jona rediyon nan tukuna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya Yola, ya zafi? Autanku ne ya faɗa mini yayanku na Amurka ya aiko maka da babban rediyo mai sifika biyu, mai cin faifai da filas, kuma wai jira kake Juma'a ka tara mutane ka kunna. Don Allah kar ka jona shi a wuta sai ka gama karanta takardar nan.

Ka juya bayansa, kusa da inda wayar wuta ta fito akwai rubutu. In ka ga 120V, 60Hz kawai, to na wutar Amurka ne, tamu kuwa 220 zuwa 240 ce. Kana sa shi a soket, in an yi sa'a fiyus ne zai tafi, in ba a yi ba taransifomar ciki ta ƙone, kuma samun irinta a Jimeta sai an sha wuya. In ka ga 110–240V ka huta. Wasu kuma suna da ɗan makunni a baya mai lambobi biyu, ana tura shi da bakin sukundireba, ka mai da shi 220 ko 240 kafin komai. Idan 120 ɗin ne kaɗai, ka sayi taransifoma mai rage wuta. Wajen zaɓenta kar ka duba ƙaton adadin da aka buga a kwalin rediyon, irin su 2000W PMPO, wannan na talla ne. Ka duba wat ɗin da aka rubuta kusa da 120V ɗin, ka ninka shi biyu. In 150 ne, ka ɗauki ta 300 ko sama. Sannan sitabilaiza a gabanta, saboda yadda wuta ke dawowa da ƙarfi. A janareta kuwa, ka bari ya tashi ya daidaita kafin ka jona, ka kuma cire kafin a kashe shi.

Na san halinka da gaggawa, tun ranar fankar Kawu ba wanda ya manta.

Wayoyin sifika: ja a ja, baƙi a baƙi, a ɓangarorin biyu. In ka juya na sifika ɗaya za ta yi magana, amma kaurin sautin zai ɓace, ka ji muryar ta yi siriri, ka ɗauka an cuce ka. Ka murɗe bakin wayar sosai kada silin tagulla ko ɗaya ya taɓa na kusa da shi, wannan shi ke kashe amfilifaya. Kuma in an rubuta 6 ohm a baya, kar ka ƙara masa tsofaffin sifikun nan naka na shago a rami ɗaya. Biyu masu 6 in aka haɗa su haka sun koma 3, sai injin ya yi zafi ya riƙa kashe kansa. Ka bar masa sarari kamar tafin hannu ta baya da sama, kuma a hana uwargida lulluɓe shi da kyalle yana aiki.

Batun tasha, nan ma Amurka ta bambanta. A zangon AM nasu yana tsalle goma-goma ne, namu tara-tara. Rediyon Najeriya Kaduna yana kan 594, naka kuwa zai ba ka 590 ko 600, ka ji magana cikin shashshaka. Wasunsu ana iya sauya wannan zuwa 9, littafin da ya zo da shi zai nuna maɓallin da za ka danne, sai dai tashoshin da ka ajiye za su goge, don haka ka fara da shi. Ɗan zoben robar nan mai waya a naɗe, shi ne eriyar AM, kar yara su mai da shi abin wasa. Ka ajiye shi nesa da talabijin da cajar waya da inbata, ka riƙa juya shi a hankali har ƙugin ya ragu. Da dare ya fi kamo nesa. FM kuwa ba ya nisa, kar ka wahalar da kanka neman Freedom ta Kano a 99.5 daga Yola. Ka miƙe siririyar wayar eriyar gaba ɗaya, ka kafe ta sama kusa da taga. In ta ɓata, waya mai tsawon santimita 75 za ta yi aikin.

Af, ka ji an sa ranar ɗiyar Liman? Bayan Sallah ne, kuma Hajiya ta ce in ba ka zo ba kar ka ƙara aiko mata da gaisuwa a baki. Mai shayin bakin layi ma ya koma tsallake, har yau yana tambayar bashinka na ƙwai.

To, filas. Mutane da yawa suna cewa ramin ya lalace alhali lafiyarsa ƙalau. Irin waɗannan injina filas mai tsarin ajiyar fayil da ake kira FAT32 suke karantawa. Filas mai 64GB zuwa sama yakan zo da wani tsarin daban, exFAT, sai allon ya rubuta babu komai. Ka nemi mai 8 ko 16 ko 32GB, ka kwashe abin da ke ciki, a yi masa fomatin zuwa FAT32 a kwamfuta. Na biyu, MP3 ya fi sani. Karatu da wa'azin da ake turowa ta WhatsApp sau da yawa opus ne ko m4a, a waya suna yi, a nan sai ya tsallake su. Sai an juya su zuwa MP3 da manhaja, canza sunan fayil kawai ba ya yi. In kana son surori su bi jeri, a sa musu lamba 001, 002 har 114, a kuma zuba su bi da bi, domin wasu injinan tsarin da aka zuba suke bi. Kar ka zare filas yana cikin karatu, ka tsayar tukuna, kuma kar ka mai da ramin wurin cajin waya, wutarsa kaɗan ce.

Faifai kuma ƙura ce babbar abokiyar gabarsa, musamman da hunturu. In ya fara tsalle ko ya ƙi karantawa, ka fara goge faifan da kyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. In duk faifan da ka sa haka yake yi, idon da ke karanta faifan ne ya yi ƙura. Wannan ka kai wa mai gyara ya share da auduga da ɗan sifirit, kar ka yarda ya taɓa ɗan sukurun ƙarfin idon, yana ƙara shi idon zai mutu da wuri. Faifan da aka buga a shago kuma a tabbata an rufe bugun a kwamfuta (finalize) bayan an gama, in ba haka ba kwamfuta ce kaɗai za ta gane shi. Kar ka bar faifai a mota cikin rana, lanƙwashewa yake.

Ka ɗauki hoton rubutun bayan nan ka turo mini kafin Juma'a, in gaya maka girman taransifomar da za ka saya. Ka gaida uwargida da yara, da Malam in kun haɗu a masallaci. Allah ya sa a ji alheri da shi.

Naka,
abokinka na Kano