Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministar Al'adu: A Ceci Muryoyin Su Shata Kafin Zaren Tef Ya Ruɓe

Zuwa ga Mai Girma Ministar Fasaha, Al'adu, Yawon Buɗe Ido da Tattalin Arzikin Ƙirƙira, Hajiya Hannatu Musa Musawa.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya taya ki riƙon wannan amana.

Na rubuto miki a bainar jama'a ne saboda maganar ta jama'a ce, kuma ba ta iya jiran layin ofis. Magana ce a kan makaɗa da mawaƙanmu da suka riga mu gidan gaskiya, da abin da suka bari, da halin da abin yake ciki a yau. Ko da babu kujerar da kike kai, ke ya kamata a fara kai wa wannan kuka. Garin da kike amsa sunansa, Musawa, nan aka haifi Alhaji Mamman Shata a 1923, kuma shekarar da kika kama aiki, 2023, ita ce ya cika shekara 100 da haihuwa. Ya rasu a watan Yunin 1999, aka kai shi Daura aka rufe. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, gwamnatin tarayya ta ba shi lambar MON. Ta fuskar karramawa dai an yi. Abin da nake tambaya shi ne: ina waƙoƙin?

Marubuta waƙa sun fi samun sa'a, don takarda tana da haƙuri. Nana Asma'u 'yar Shehu ta rasu a 1864, amma gidan Wazirin Sakkwato ya riƙe takardunta hannu da hannu, har Waziri Junaidu ya buɗe wa wata Baturiya mai bincike, Jean Boyd, su, ita da Beverly Mack suka tattara su aka buga a 1997, na Larabci da na Fulatanci da na Hausa. Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duka suka rasu a 1958, an buga waƙoƙinsu a Zariya, ɗalibai suna karanta su har gobe. Malam Aliyu Namangi makaho ne, amma an rubuta nasa da ajami da boko, almajirai da masu bara kuma suka haddace suka zaga ƙasa da su. Duk da haka ko a nan akwai giɓi. Wanda ya taɓa jin Alhaji Aƙilu Aliyu yana rera waƙarsa da bakinsa a rediyo ya san cewa abin da ke cikin littafi rabi ne, ɗaya rabin yana cikin karin muryar.

Makaɗan baka kuwa ba su bar takarda ba. Shata bai zauna ya rubuta waƙa ya haddace ba. A filin wasa yake ƙirƙirarta, kalangai suna tashi, 'yan amshi suna karɓa, idonsa yana kan wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta da wanda ya noƙe. Shi ya sa waƙa ɗaya idan ya yi ta a Funtuwa ya sake yin ta a Kano, ba za ta zo iri ɗaya ba, amshin ne kawai zai zauna daram. Bakandamiyarsa kanta tana da zubi daban-daban a hannun mutane. Ke nan kowane naɗi da aka yi masa aiki ne mai zaman kansa, idan ya ɓata babu kwafinsa a wani wuri. Shi da kansa ya sha faɗa cewa bai san adadin waƙoƙinsa ba.

Na makaɗan fada ya fi wannan wuya. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya rasu tun wajen farkon shekarun 1960, lokacin da na'urar ɗaukar magana ba ta yawaita ba, don haka abin da aka kama na muryarsa kaɗan ne daga abin da ya yi. Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, Sa'idu Faru, Musa Ɗanƙwairo wanda ya rasu a 1991, Sarkin Taushin Katsina, dukkansu waƙarsu cike take da salsalar gidajen sarauta da kirarin garuruwa da sunayen hakimai da fadawa. Sannan ga zambo da habaici. Makaɗin fada ba ya kama sunan ɗan sarkin da yake yi wa zambo. Sai ya siffanta shi da tafiyarsa ko rawaninsa ko rowarsa, mutanen fada su yi murmushi don sun san da wa ake. To waɗanda suka san da wa ake su ne dattawan da muke binnewa kullum. Idan suka ƙare, za a ci gaba da jin kotso da taushi suna daɗi a kunne, amma ma'anar ta tafi, ɗalibi ya zauna yana ta kame-kame a kundin digirinsa.

Kada a ɗauka maganar sarakuna ce kawai. A cikin waɗannan faya-fayan akwai damben Shago a bakin Ɗan Anace, akwai rayuwar karen mota da talakan birni a kuntigin Ɗan Maraya Jos wanda ya rasu a 2015, akwai zancen mata na cikin gida, kishi da sana'a da haihuwa, a ƙwaryar Barmani Coge wadda ta rasu a 2013. Akwai waƙoƙin da aka yi wa sojoji lokacin yaƙin basasa, da na komawa tuƙi a hannun dama a 1972, da na canjin kuɗi zuwa naira da kwabo a 1973. Mai son ya san yadda talakan Arewa ya ji waɗannan abubuwa a jikinsa, ba zai same shi a fayil ɗin gwamnati ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Mafi yawan wannan dukiya tana kan faifan garmaho da babban tef mai faifai biyu da kaset, a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo, musamman Rediyon Kaduna da aka kafa a 1962 da na jihohi, sai abin da ke jami'o'i da akwatunan masu sha'awa. Tef ba a yi shi don ya dawwama ba. Zare ne na roba da aka shafa wa garin ƙarfe da wani irin danƙo. Zafi da laima suna narkar da danƙon, zaren ya manne da juna, idan aka ɗora shi a inji sai garin ya kankare ya bar roba fara, muryar ta tafi ke nan a karo ɗaya. Tsofaffin tef na farko kuma sukan fara warin tsami, su lanƙwashe, su karye. Masana suna iya ceto wanda ya manne ta hanyar gasa shi a hankali a zafin da bai wuce digiri 50 da 'yan kai ba, sannan a kwafe nan take, amma aiki ne na wanda ya koya. Su kansu injinan an daina ƙera su tuntuni, kayan gyaransu sun yi wuya, masu gyaran sun tsufa. Tun a 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, suka yi gargaɗi cewa wajen 2025 kwafe irin waɗannan tef zai fara gagara. Wa'adin ya riga ya cika.

Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba don ma'aikatan ba su da laifi. Na'urar sanyaya ɗaki ta daɗe da mutuwa, rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, kwalayen tef jibge a ƙasa, rubutun da ke bayansu ya kode. Dattijon da ke kula da wurin ya san abin da ke cikin kusan kowane kwali da ka, kuma yana gab da ritaya. Na tambayi rajista, ya nuna kansa.

Wani zai ce ai waƙoƙin suna nan a waya, ga su a YouTube, ga masu turi a kowace kasuwa suna cika wa mutum katin waya da kuɗi kaɗan. Allah ya saka wa masu turi, don ba don su ba da matasa da yawa ba su taɓa jin Narambaɗa ba. Amma abin da ke yawo kwafin kwafin kaset ne, an matse shi, an yanke kai an yanke gindi, wani an saka masa sunan wani makaɗin, wani hoton da aka liƙa ma ba na mai waƙar ba ne. Babu shekara, babu gari, babu sunan ɗan amshi ko ɗaya. Kuma waɗanda suka yi farin jini ne kawai suke yawo. Dubban da ba su taɓa fita daga ɗakin ajiya ba suna can.

Abin da nake roƙo an taɓa yin sa a ƙasar da ba ta kai mu arziki ba. A Gini, tsakanin 2008 da 2013, wani mai bincike ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin shirin ceto taskoki na Babban Laburaren Birtaniya, ya zauna da ma'aikatan gidan rediyon ƙasar a Konakiri suka kwafe waƙoƙi sama da 9,000 daga tsofaffin tef, da sunan mawaƙi da shekara. Daga baya aka ɗora dubbai daga cikinsu a intanet don ɗan Gini ya iya sauraro. Ba gini aka yi ba, ba biki aka shirya ba. Inji ne mai lafiya da kwamfuta da mutane masu haƙuri.

Na san Rediyon Tarayya yana ƙarƙashin ma'aikatar yaɗa labarai, gidajen rediyon jihohi kuma na gwamnoni ne. Wannan rarrabuwa ita ce ta sa kowa yake ganin aikin na wani ne. Amma al'adu a hannunki suke, kuma minista tana iya ɗaga waya ta kira minista. Abin farko shi ne ƙidaya: a san me ke akwai, a ina, cikin wane hali. Sai a kafa ɗakin kwafe sauti guda ɗaya mai kyau, a Kaduna ko Kano ko Zariya, a horar da matasa, a fara da tef ɗin da ya fi kusa da mutuwa, ba wanda ya fi suna ba. A kwafe da cikakken sauti, a ajiye a wurare daban-daban, kada gobara ɗaya ta cinye komai. Ba daga tushe za a fara ba. Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata tun a 1975, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shafe rayuwarsa yana bin makaɗa gari-gari yana rubuta tarihinsu, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ga Gidan Arewa a Kaduna, ga hukumomin tarihi da al'adu na Katsina da Kano da Sakkwato. Wani mai bincike Ba'amurke, David Ames, ya naɗi kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, irin wannan da ke waje a nemi kwafinsa ya dawo gida. A ƙetaren iyaka kuma, gidan rediyon Muryar Sahel da CELHTO, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka, a Yamai suna da nasu taskokin, da muryoyin irin su Mamman Gawo Filinge. Ko dangantakar gwamnatoci ta yi tsami, malaman jami'a suna iya magana da juna.

Abin da ya fi gaggawa ma ba ya buƙatar inji mai tsada. 'Yan amshi da makaɗan da suka yi yawo da waɗannan mutane, waɗanda suka rage, a je a same su a gidajensu, a kunna musu waƙa, a bar su su yi bayani: wannan a bikin wane aka yi ta, wannan baitin da wane ake, wannan kalmar ga abin da take nufi a Zamfara. A biya su ladan zamansu, don yawancinsu ba su da komai.

Wannan ya kawo ni kan hakki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ke nan waƙoƙin Shata suna da masu su har ƙarshen 2069, na Ɗan Maraya har ƙarshen 2085. Ana sa su a rediyo da talabijin, ana ɗora su a intanet ana samun kuɗin talla, mawaƙan zamani suna yankar amshi suna zubawa a nasu. Iyalan nawa ne suka san suna da abin karɓa, balle su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa? Taskar da nake magana a kai ita ce za ta zama hujja, don sai an san waƙa ta wane ce kafin a biya magadansa. Kuma a tuna da 'yan amshi a rabon, waƙar ba ta tashi sai da su.

Akwai masu ganin kiɗa roƙo ne, bai kamata a kashe masa kuɗin gwamnati ba, wasu kuma suna da ƙyamarsa ta fuskar addini. Ba na raina ra'ayinsu, kuma gaskiya ne a cikin waƙoƙin nan akwai batsa da zagi da yabon abin da bai kamata a yaba ba. Shata kansa ba waliyyi ba ne, bai kuma ce shi waliyyi ba ne. Amma adanawa daban, yaɗawa daban. Ana iya ajiye komai, a zaɓi abin da za a sa wa yara a makaranta. Wanda ya goge tef saboda bai ji daɗin baiti ɗaya ba, ya goge har da sunayen kakannin wasu.

An yi murna da UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, kamar yadda ta sa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, kuma murnar ta dace. Sai dai hawa ana sake shi kowace shekara, idan na bana bai yi kyau ba a gyara a na baɗi. Tef ɗin Jankiɗi idan ya kankare shi ke nan.

Don haka, ranki ya daɗe, ina roƙon a sa wannan aiki a kasafin ma'aikatarki na gaba da sunansa, a layinsa na kansa, kada a cusa shi cikin kuɗin bukukuwa. Kafin kasafin ya fito kuma, a tura wa gidajen rediyon tarayya da na jihohin Arewa takarda cewa kada a zubar, kada a goge, kada a ɗora wani tsohon tef a kan inji har sai masana sun duba shi, a kuma ɗauke kwalayen daga ƙasa kafin damina.

Wassalam.

Naki,
Wani tsohon malamin Hausa, daga Jihar Katsina.