Muryar da ta dishe fiye da mako uku a kai ta asibiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a shafinku na lafiya saboda abin da ya sami kawuna, wanda ya yi shekaru yana ladanci a masallacin unguwarmu. Muryarsa ta dishe da sanyin hunturu, kowa ya ce mura ce. Aka shiga zuma da citta da kanumfari, daga baya aka kira wanzami ya cire masa belu. Damina ta zo ta wuce, murya ba ta dawo ba. Sai da numfashi ya fara yi masa ƙara cikin dare muka kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Ya zura ɗan siririn bututu mai fitila ta hancinsa, ya ce ciwon daji ne, kuma ya riga ya ci guringuntsin da ya kewaye akwatin murya.

A kan guringuntsin nan maganar ta tsaya. Likitan ya yi mana bayani cewa idan ciwon yana kan tantanin murya kaɗai, gashi da na'ura mai haske (radiotherapy) ko ƙaramar tiyata sukan kawar da shi, mutum ya ci gaba da magana. Idan ya huda guringuntsi ya fita, galibi sai an cire akwatin muryar ɗungurungum, irin aikin da likitan tiyata Theodor Billroth ya fara yi a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1873. Masana sun daɗe suna neman yadda za a kauce wa haka. A 1991 wani bincike da aka yi a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka kan majiyyata 332 ya nuna cewa haɗa magungunan ciwon daji da gashi ya ceci maƙogwaron kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda aka yi wa, ba tare da an rage musu tsawon rai ba. Ilimin yana nan, amma mu mun makara.

An cire wa kawu akwatin muryar. Yau ta wani ɗan rami a wuyansa yake numfashi, yana rufe shi da farin ƙyalle saboda ƙura. In yana son ruwa sai ya buga kofi da cokali. Idan aka kira sallar asuba nakan ga leɓensa yana motsi tare da sabon ladanin, abin yana karya mini zuciya.

Ban zargi wanzamin ba, abin da ya gada ya yi. Roƙona shi ne ku gayyato likitocin Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna su yi wa jama'a bayani da Hausa: muryar da ta dishe fiye da mako uku, ko wahalar haɗiya, ko ƙullutu a wuya, a je a leƙa maƙogwaron, musamman ga mai shan sigari ko giya. Kawu ya bar sigari tun kafin a haife ni, shi ya sa ko kusa hankalinmu bai kai can ba.

Naku,
Wani mai karatu daga Funtuwa