Wasiƙar Godiya ga Kamfanin da Ya Gina Mana Kantin Intanet

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ƙannena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya ƙoƙari? Na riga na yi muku godiya baki da baki, amma ban ga ta wadatar ba, shi ya sa na rubuto a fili don 'yan'uwana mata 'yan kasuwa su ji irin aikin da kuka yi mana.

Sana'armu kayan kwalliya ce da kayan jarirai a nan Kano: man shafawa, sabulu, hoda, jan baki, kwalli, humra, turaren wuta, sai kuma famfas, zanen goyo, bahon wanka da kayan barka. A da cinikinmu na waya duk a WhatsApp da Instagram yake. A sa hoto, mutum goma su tambayi farashi ɗaya bayan ɗaya, wata ta biya sannan a duba cikin shago a tarar kayan sun ƙare tun jiya. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kowa ya koma tiransfa, masu alat na bogi kuma suka samu kasuwa. Yarinyar kantina ta fi daɗewa tana duban waya fiye da duban mai saye.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne ba ku fara da kwamfuta ba. Kun zo kun zauna a benci cikin shago kuna sauraron yadda ake ciniki. Nan kuka gane mai jego ba ta tambayar famfas da lamba, cewa take "na ɗan wata uku", sai kuka rubuta nauyin jariri a gefen kowace lamba, misali lamba 1 daga kilo 2 zuwa 5, ta yadda ko kaka ce ke saye ba za ta yi kuskure ba. Kuka ga dangin miji kan zo neman kayan barka a dunƙule kafin ranar suna, kuka haɗa su saiti-saiti, ƙarami da matsakaici da babba, kowa ya ɗauki daidai ƙarfinsa. Haka kuka yi wa kayan shafa na lefe. Wallahi ni da nake cikin sana'ar ban taɓa tunanin tsara su haka ba a rubuce.

Sai maganar adireshi. Duk wanda ya san cikin gari ya san lambar gida ba ta kai ɗan aike ko'ina. Kun buɗe wurin kwatance, inda mace za ta rubuta "bayan masallacin Juma'a, gida mai jan ƙyaure", a kai mata har ƙofa ba tare da ta fita ba. Na wasu garuruwa kuma su zaɓi tashar da za a sa musu a mota. Yanzu har Katsina da Gusau da Maraɗi muna aikawa.

Biyan kuɗi kun haɗa shi da Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kati ko tiransfa ko USSD, wato lambobin banki da ake dannawa a waya, kuma oda ba ta fitowa sai kuɗi sun shiga da gaske. Hotuna kun rage musu nauyi don kada su cinye wa mutane data. Kayan da suka ƙare su nuna sun ƙare da kansu.

Akwai inda muka ɗan ja da ku, kuma ina so a sani. Kun dage sai an sa lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa a jikin kowane mai da sabulu da kayan jarirai. Na ce aikin ya yi yawa, kuka ce fatar jariri ba wurin gwaji ba ce, ga shi hukumar tana ta gargaɗi a kan man bilicin masu sinadarin makuri da haidurokwinon. Kuka zauna da mu muka bi kwalba-kwalba. Yau iyaye mata da yawa wannan lambar suke fara dubawa kafin farashi.

Godiya ta musamman ga ƙanwata da ke cikinku, wadda ta koya wa yarana yadda ake ɗora kaya da sauya farashi, da Hausa, cikin haƙuri, ko sau nawa aka maimaita tambaya ba ta ɓata fuska ba. Kuka kuma miƙa mana duk lambobin sirrin shafin da sunanmu, ba ku riƙe komai don mu riƙa bin ku ba. Har yau in an kira ku kuna ɗagawa.

Saura alkawarin da kuka yi na sa farashi da sefa saboda 'yan'uwanmu na Nijar, ina nan ina jira. Allah Ya yi wa aikinku albarka, Ya jiƙan mahaifa, Ya ƙara buɗi. A gaida mutanen ofis gaba ɗaya.

Taku,
Yayarku mai kantin kayan kwalliya da na jarirai,
Kano.