A daina buɗe ƙofar akwatin wutar inji saboda zafi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni mai gyaran injunan yankan ƙarfe ne masu aiki da kwamfuta, a Sharaɗa nan Kano. Duk bazara abu ɗaya nake tararwa: an wangale ƙofar akwatin wutar inji, an jingina fankar ɗaki tana hura amfilifaya, wato na'urar da ke ba moton sarbo wuta, moton da ke motsa sassan inji bisa umarnin kwamfuta. Wannan dabara tana ci mini rai.

A Afrilun bara aka kira ni wata masana'anta, injinsu na tsayawa duk bayan azahar. Amfilifayar kamfanin Fanuc ce, tana nuna lamba 6, alamar zafi ya yi yawa. Da na ciro ta, sai na tarar haƙoran alminiyom ɗin da ke bayanta, waɗanda ke zuƙe zafi, sun cushe da ƙurar hunturu haɗe da tururin man yanka, abin ya zama kamar kwalta. Ƙaramar fankarta da ƙyar take juyawa. Wata uku ƙofar na buɗe, ita ta shigo da dattin. Burushi da sabuwar fanka suka gama aikin.

An yi irin wannan na'ura ta jure digiri 55 a cikin akwati. Idan waje ya kai 40, dubi abin da ya rage. Kafasita kuwa, wato ɗan kayan da ke adana wuta a cikin amfilifaya, duk ƙarin digiri 10 yana rage kwananta da kusan rabi, kuma ba ta kuka, sai ranar da ta kumbura.

'Yan'uwana masu gyara, ku fara da fanka da matatar iska. In suna lafiya, ku dubi nauyin da moto ke ja a allo. Sau da yawa laifin ba na wuta ba ne: mai ya daina isa layin da teburin inji ke zamewa a kai, ko birkin moton da ke ɗaga kan inji bai saki sosai ba, sai amfilifaya ta yi ta turo wuta tana gasuwa. Kuma don Allah kada a sa hannu sai jar fitilar caji ta mutu, domin wutar lantarki mai ƙarfin kusan bolt 300 na nan kwance a cikin amfilifaya bayan an kashe inji.

Masu masana'antu, ku saya wa akwatin na'urar sanyaya shi, ku rufe ƙofar. Kuɗinta bai kai na amfilifaya ɗaya da za a jira makonni kafin ta iso daga waje ba.

Naku,
Mai gyaran injuna, Sharaɗa, Kano